Gawo Bakwai, Saura Ɗaya

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya shimfiɗa ƙasa ya zuba mata hanyoyi, ya ba kowace hanya matafiyanta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda shi kansa ya bi ayari ya yi fatauci kafin a aiko shi.

Mai gari Ɗanjuma, uban wanga gari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta Malam. Sarkin Noma, Sarkin Maƙera, da Sarkin Fawa wanda rabonsa da wasa wuƙa tun Sallar layya. Magajiya da matan da ke bayan zana suna saurare. Dattawanmu masu furfura. Baƙinmu na garuruwan Cake da Isawan da sunka tako rairayi don su ji abin da ke faruwa. Ayuba marini, baƙona kuma amanata. Inna Lalla, wadda na hango ta zauna can nesa da ni, kuma na san dalili. Jama'ar Gawo Bakwai, manyanku da ƙanananku, assalamu alaikum.

Na gode wa mai gari da ya ba ni wanga fili, ko da yake har yanzu ban gane ba ko don in yi bayani ya ba ni shi, ko don in sha kunya a gaban kowa. Ko wanne ne, na karɓa. Na gode muku da kunka bar saƙa, kunka bar ban ruwan dabbobi, kunka bar tukwane bisa murhu kunka amsa ganga. In ka ji gangami, da labari.

Don baƙin da ba su san ni ba, ni ne Bawa ɗan Gado, wanda anka naɗa Sarkin Kasuwar wanga gari bara da rani. Na ga wasunku suna duba hagu suna duba dama, suna neman kasuwar. Kada ku wahalar da wuyanku, kuna zaune cikinta. Rumfa arba'in ce, layi huɗu, an kewaye ta da darnin kara sabo fil. Tun da anka gina ta ba a taɓa sayar da ko allura a cikinta ba, in ban da ranar da Sarkin Fawa ya yanka ɗan akuya ya jira har la'asar, sannan ya kai wa iyalinsa sunka ci.

Jiya na shirya maganata kashi huɗu, na jera su a yatsuna. Yau da safe na sake dubawa na tarar da uku, kuma ban san wadda ta ɓace ba. In na saki hanya, ku maido ni.

Amma kafin kashi na fari, ku juya ku dubi gindin darnin can na gabas. Jakuna biyar ne a ɗaure, an riga an ɗora musu mangala. Jakunan Ayuba ne. Gobe in gari ya waye zai kwashe iyalinsa, mutum tara, ya koma Tasawa inda na ɗauko shi. Ni na ɗauko shi, da wanga bakin nawa, wata bakwai ke nan. Ya bar karofin ubansa, ya bar masu kawo mishi rini tun yana saurayi, ya biyo maganata. In ya tafi, Sarkin Maƙera ya ce shi ma ba ya ganin abin da zai zauna yi, kuma in maƙeri ya tashi, kun san abin da ke saura ba gari ba ne, gidan gona ne. Saboda jakunan nan biyar na roƙi a buga ganga.

To, kashi na fari: yadda abin ya faro.

Kun sani, kowace shekara bayan an gama kaka, ayarin Asbinawa kan gangaro daga arewa ɗauke da gishirin Bilma da dabino, suna nufin Kano. Tun zamanin kakanninmu, in sun iso nan sukan ratse zuwa gindin gawon nan bakwai da gari ya ci sunansu. Su sauke kaya da hantsi, raƙuma su miƙa wuya su ci ganye, su tsinci 'ya'yan gawo da sunka zuba, sauran su bazu cikin gonaki suna cin kara. Su kwana ɗaya, in sun gaji su kwana biyu. Matanmu su fito da fura da gero da tabarmin kaba, su koma gida da gishiri. Matata Zuhura, tun da na aure ta, ban taɓa jin ta ce gishiri ya ƙare ba. Ba mu taɓa kiran wannan abu kasuwa ba. Saukar Asbinawa muke ce mishi, kamar yadda ake cewa saukar ruwa, abu ne da ke zuwa da kansa.

Sai tsautsayi ya kai ni Tasawa da kayan tabarmi, ranar kasuwa. Jama'a, na ga abin da ya hana ni cin abinci. Fili fetal, a share, ba ƙaya ba kashin dabba. Rumfuna a jere, ga masu tufa nan, ga dukawa can, ga mahauta, ga masu goro sun ɗaure fuska kamar sarakuna. Na dawo zuciyata na tafasa. Na durƙusa gaban mai gari na ce: "Ranka ya daɗe, da me Tasawa ta fi mu? Fili ne da rumfa. Ayari ta ƙofarmu yake wucewa kafin ya kai gare su. In munka yi fili, munka yi rumfa, kwana ɗaya zai koma kwana goma, fatake za su biyo gishiri, masu sana'a za su biyo fatake, ɗiyanmu su daina tafiya cin rani." Mai gari ya tara ku, na maimaita, kowa ya ce na'am. Ina so a tuna da wannan, kowa ya ce na'am. Ba don in raba laifi nake faɗa ba. To, gaskiya, kaɗan don in raba laifin ne.

Kashi na biyu: abin da munka aikata.

Duk garin nan babu wuri mai shimfiɗa kamar inda gawon suke tsaye. Amma ƙarƙashinsu ƙaya ce, da kashin raƙuma na shekara da shekaru, sai ƙafa ta nutse. Na ce babu attajirin da zai baje tufafinsa a kan kashi. Na ce a sare. Sarkin Noma ya tashi ya ce geron da ke fita gindin gawo ya fi na ko'ina zangarniya, ya ce kakansa ya hana a ɗora wa gawo gatari. Na ce mishi garin da ke da kasuwa gero ke biyo shi har gida. Kunka yi dariya, ya zauna. Kwana goma sha ɗaya muna sara, shida sunka faɗi. Waɗannan shikashikan da kuke jingine da su, rassansu ne.

Na bakwai yana bakin gonar Inna Lalla. Baƙi ba su san ta ba: mahaifinta daga Asbin ya zo, shi ma da ayari, ya zauna nan ya yi aure ya yi noma har Allah ya karɓi abinsa. Da munka zo da gatura, munka tarar da ita zaune a gindin itacen da mazarinta tana kaɗi. Kwana uku muna zuwa, kwana uku muna tarar da ita. Rana ta uku na ce: "Inna, ki tashi, aikin gari ne." Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce: "Bawa, ka fara da ni, na fi shi taushi." Sai na juya, a gaban mutane, na ce ga tsohuwar da ta tare wa gari ƙofar arziki. Na faɗa, ba na musu. Da yawanku kun ji.

Ba mu tsaya nan ba. Da kaka ta yi, na ce kada a bar kara ko ɗaya tsaye a gona, kada baƙi su ce mu ƙazamai ne. Munka yanke shi tas, munka rufa rumfuna, munka yi wanga darni, abin da ya yi saura munka cinna mishi wuta. Harawar wake kuwa, da a kan rassan gawo muke ɗora ta ta kai rani. Bana babu rassa, aka jibge ta a ƙasa, gara ta yi biki. Munka share gari tun daga masallaci har rijiya. Wallahi ko allura ta faɗi sai ka gan ta.

Sannan na koma Tasawa na sami Ayuba a bakin karofinsa. Kowa ya san Ba'asbine ya gwammace ya kwana da yunwa da ya fita da koɗaɗɗen rawani; inda marini yake, nan yake kwance jakarsa. Na yi ta zuba wa Ayuba magana kwana biyu. Tambaya ɗaya ya yi mini, hannunsa na ɗigar ruwan baban rini: "Sarkin Kasuwa, ka tabbata ayari na tsayawa?" Na ce: "In bai tsaya ba, ka tuɓe mini rawani a bainar jama'a." Ya zo, ya haƙa ramuka huɗu can bayan rijiya, ya shafe su da hannunsa, ya haɗa baba ya jira.

Kashi na uku. Ko na huɗu ne? A'a, na uku ne: ranar da ayari ya iso.

Kun tuna da ita, ba sai na tsawaita ba, amma baƙi ba su gani ba. Munka sa rigunan Sallah. Makaɗa sunka tsaya a ƙofar darni, mata sunka shirya guɗa, ni ina gaba da wanga farin rawani. Da hantsi sai ga su sun ɓullo bisa tudun arewa, raƙumi bayan raƙumi, ba ka ganin ƙarshensu. Na ɗaga hannu, ganga ta tashi. Sai na gaba ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har makaɗa sunka fara kallona. Can sai munka ga kan ayari ya karkata gabas, sauran sunka bi shi, a hankali, kamar ba su ji ganga ba.

Na tattare riga na sheƙa da gudu, mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, takalmi ɗaya ya tsaya a rairayi. Na cim ma madugunsu, Gazali, dattijon da ya shekara talatin yana bin wagga hanya. Na gaishe shi ina haki: "Madugu uban tafiya, ga gari, ga kasuwa mun yi muku." Ya sassauta amawalinsa ya dube ni, ya ce: "Nan ne Gawo Bakwai? Na zaci na ɓata hanya. Shekara talatin kawunan itatuwan nan nake hangowa in san na iso." Sannan ya rage murya, irin ta mai ta'aziyya, ya ce: "Wa ya yi muku wannan ɓarna? Yaƙi ne ya ci ku?"

Jama'a, me zan ce? Na ce: "Ba yaƙi ba ne, gyara munka yi."

Ya dubi darni, ya dubi rumfuna, ya dubi gonaki ƙwal babu ko tsinke, ya ce: "Sarkin Kasuwa, ni ina iya kwana a rumfarka, na gode. Raƙumina fa, me zai ci? Inuwa? Dabbobin nan sun ratso hamada da ciki a manne. Ba ni ke zaɓen zango ba, cikinsu ke zaɓa." Ya ja akala ya wuce.

Ina sunka sauka? Tudun Audu. Tudun Audu, jama'a! Ƙauyen da tun da anka kafa shi tsintsiya ba ta taɓa ƙasarsa ba, inda ƙaya ke shiga har cikin ɗaki, inda kara ke tsaye a gona har shuka ta zo don ƙiwuyar masu shi. Kwana tara ayari ya yi can. Fatake sunka ji labari sunka bi. Yanzu mahaucinsu sau biyu yake yanka a mako, kuma ba su da rumfa ko ɗaya, a ƙasa suke baje kaya. Matanmu, da gishiri ke iske su a ƙofar gida, su ne ke ɗaukar gero a ka su yi tafiyar rabin yini su samo shi. Ranar da Zuhura ta dawo daga can ta dire ƙwarya a gabana, ta ce: "Sannu da sarauta, Sarkin Kasuwa. Na je kasuwar, ban gan ka ba."

To, nan ne kaina ya ɗaure, kuma har yau bai kwance ba. Ni dai na san an ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa munka shirya tun da wuri. Na san an ce baƙo a karɓe shi da wuri mai tsabta, shi ya sa munka share. Na san an ce mai nema yana tare da samu, shi ya sa munka nema. Mu da munka yi aiki mun tashi a tutar babu, su da sunka kwanta arziki ya iske su a kan tabarma. Na je wurin Liman na ce: "Allah ya gafarta Malam, ba kai ka karantar da mu tsabta tana cikin imani ba? Yaya anka yi tsabta ta kore mana baƙi?" Ya ce maganar tana nan daram, sai dai ba a kan abincin raƙumi anka yi ta ba. Na je wurin Sarkin Noma, ya ce shi ba ya magana, ya riga ya yi tasa. Na zauna ni kaɗai cikin rumfar nan ta tsakiya ina tambayar kaina: ashe abin da muke yi a gindin gawo, fura a ba da gishiri, tabarma a ba da dabino, shi ne kasuwa? In shi ne, me munka gina? In kuma ba shi ba ne, me ya sa da munka sare itatuwa komai ya tafi? Garin neman ƙiba mun samo rama, wannan kam na gane. Abin da ban gane ba shi ne yadda mutum ɗari biyu masu hankali sunka taru, da ni a gaba, ba wanda ya tuna cewa baƙon da muke jira a kan dabba yake zuwa.

Ayuba kuwa yana nan bakin ramukansa. Sau uku yana haɗa baba, sau uku yana lalacewa a rami ba a tsoma ko zare ba. Abin da ya zo da shi daga Tasawa ya cinye da iyalinsa. In mun haɗu a masallaci sai ya gaishe ni da ladabi, ya ce "Sarkin Kasuwa, ina gajiya," ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yawwa, na tuna kashin da ya ɓace mini. Maganar Inna Lalla ce. Ina jin da gangan zuciyata ta ɓoye ta.

Ranar da ayari ya wuce, Madugu Gazali yana da raƙuma uku da sunka gurgunce, ba za su kai Kano ba. Da ya hangi gawo ɗaya tsaye, ya aika da su can, ya bar wa Inna Lalla amanarsu, don ya san gidansu kuma ta iya jinyar raƙumi tun tana gaban mahaifinta. Suna nan har yau, sun warke, sun yi tozo.

Ni kuwa, a ɓoye, na tsinci 'ya'yan gawo na ɓare su na shuka a bayan gidana, ina ba su ruwa safe da yamma, wata guda cur. Ko ɗaya bai tsiro ba. Da na rasa yadda zan yi, shekaranjiya na cire takalmi na je na durƙusa gaban Inna Lalla. Ta bar ni a durƙushe har ta gama abawar da ke hannunta. Sannan ta ce: "Bawa, ka taɓa ganin wanda ya shuka gawo?" Na ce a'a. Ta miƙa hannu ta ɗauki kashin raƙumi guda, busasshe, ta murƙushe shi a tafinta. Sai ga ƙwayar gawo a ciki. Ta ce: "Ƙwayar nan ƙofarta a kulle take. Sai ta bi ta cikin dabba take buɗewa, ta faɗo da takinta, ta jira damina. Itatuwan da ka sare, raƙuman kakannina ne sunka shuka su."

Ku taya ni ji, jama'a. Raƙumi ba ya tsayawa sai da gawo, gawo ba ya fitowa sai da raƙumi. Wanne ya riga wanne? Na tambaye ta, ta ce ita ba ta nan lokacin.

Sannan ta ba ni saƙon da ya sa na tara ku. Madugu zai biyo ta nan in yana komawa arewa, don ya karɓi raƙumansa uku. Fataken da sunka wuce jiya sun ce ayari ya riga ya baro Kano, nan da kwana goma sha biyu yana iya isowa. Madugu ya faɗa wa Inna cewa, saboda amanar da ta riƙe, in ya tarar da abin da raƙuman gidansa arba'in za su ci na kwana uku, zai sauke kaya a nan, kuma ya ji an ce akwai marini, zai duba aikinsa. In bai tarar ba, ya karɓi dabbobinsa ya wuce, badi kuma ba zai ratso ba.

Na ce: "Inna, ina za mu sami abincin raƙumi arba'in? Mun ƙone kara, gara ta cinye harawa." Ta nuna mini wagga kasuwa da mazarinta, ta ce: "Ga shi can ka rufa ɗaki da shi."

Ku ɗaga kai ku duba. Duk karan da ya rage a Gawo Bakwai yana bisa kawunanmu, ko yana tsaye a darnin nan. Wato mu rushe rumfuna don masu ciniki su zo. Na ce mata: "In sun zo, ina za su zauna?" Ta ce: "Inda suke zama da." Kwana biyu ina juya maganar nan, in na kama kanta sai wutsiyar ta kuɓuce. Anka naɗa ni don in gina kasuwa, na gina, ba ta ci ba. Yau ina tsaye ina roƙonku ku taya ni rushe ta ko za ta ci. In wani ya zo mini da wagga magana bara, da na ce a kai shi wurin masu magani.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, in ka yarda, in jama'a sun yarda. A sauke rufin rumfunan nan, a kwance darni, a kai karan gonakin da ke kewaye da gawon Inna Lalla a baza. Da tawa za a fara, wagga babba ta tsakiya, da dangar gidana. Zuhura ta ce ba komai, ai kunyar da za a gani a gidan an riga an gan ta a waje. Duk gidan da ke da sauran harawa ko dusa ko ƙaiƙayi, ko cikin tafi ne, ya kawo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In raƙuma sun ci sun tashi, kada wanda ya sa tsintsiya. A tsince kashin da ke gindin gawo, a kai inda kututturan nan shida suke, a binne, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Inna ta ce gawo yakan shekara ashirin kafin ya yi inuwar kirki. Na yi lissafin shekaruna, ba ni ne zan zauna ƙarƙashinta ba.

Kuma kada ku ce na yi muku alkawari. Ban sani ba ko karan da ya sha rana wata bakwai zai ƙosar da raƙumi. Ban sani ba ko madugu zai iso ranar da anka ce, ko zai tuna da maganarsa. Ban sani ba ko abin da nake faɗa muku yau ya fi na bara hankali, don bara ma haka na ji a raina cewa daidai nake. Alkawari ne ya kawo mu nan, ba zan ƙara wani a kai ba.

Inna Lalla, a gaban mutane na ɓata miki suna, a gabansu nake roƙon gafara. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, balle yaron da ke sare abin hawan. Ƙofar da na ce kin tare, ita kaɗai ta rage mana a buɗe. Ki yafe mini don Allah.

Saura kai, Ayuba. Taso, ka matso kusa, don Allah.

Ba ni da bakin da zan ce ka zauna. Damina na tafe, kana da iyali, kuma maganata ta riga ta zube a wurinka sau ɗaya. Amma na ce maka in ayari bai tsaya ba ka tuɓe mini rawani a bainar jama'a. Wata huɗu kana jin kunyar yi. To, ga bainar jama'a, bari in hutar da kai, in tuɓe da hannuna.

Ga shi. Kamu goma sha biyu ne, fari, saƙar garin nan. Ban san ko sarauta nake ajiyewa ba, wannan mai gari ne zai faɗa. Abin da na sani shi ne na kawo rini. Baƙi nake so, baƙi wuluk, irin wanda Ba'asbine zai gani ya sauko daga raƙumi ya tambayi wa ya rina. Kuma na sani, kai ma ka sani, duk wanda ke nan ya sani, marini ba ya barin gari da tufar mutane a hannunsa. Wayo ne, ban ɓoye maka ba. In ka ƙi karɓa, ba wanda zai ga laifinka, ni da kaina zan raka jakunanka har tudu.

Jama'a, ku yi shiru. Ku bar shi ya duba.

Ya karɓa. Ku shaida, ya karɓa, ga shi yana murza saƙar da yatsa. Me ka ce, Ayuba? Ɗaga murya su ji. Ya ce ramukansa a bushe suke, sabon baba sai ya kwana bakwai kafin ya nuna, tsomi kuma sai yadda ya gani, baƙi wuluk ba ya son gaggawa. Kada ka yi gaggawa, ɗan'uwana, kaina ya iya jira. Kada kowa ya taɓa jakunan can, shi zai sauke musu mangala da hannunsa in ya ga dama.

Ya Allah, kai ka san abin da munka nufa da abin da munka ɓata, ka dube mu da niyyarmu, kada ka dube mu da aikinmu. Allah ya ja zamanin mai gari, ya ƙara wa Liman haske, ya ba Sarkin Noma haƙurin zama da mu. Allah ya ba Inna Lalla tsawon rai, ya tsare itacenta daga gatari da tsawa. Allah ya sa albarka a ramukan Ayuba, ya ciyar da iyalinsa. Allah ya kawo ayari lafiya, ya karkato da kansa wajenmu. Allah ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, ya sa in sun ba da labarinmu su rage dariya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsirar da abin da za mu binne, ya sa jikokinmu su ƙidaya bakwai su tarar da bakwai.

Wanda ke da tsani ya ɗauko, rana tana yi, ni kuma ba ni da rawani.

Na gode.